Yadda za ku daidaita ƙarfin mayaƙa a wasan intanet tare da masu buga shi

A dara babu mai zargin rami. Gurabe 30 ne a ƙasa, kowa da 'ya'yansa 12, wanda aka cinye sai dai ya kakkaɓe rigarsa ya ce a sake. Wasan waya da ake karawa ta intanet ba haka yake ba. Da zarar kun ba wani mayaƙi doki, wani kuma baka, kowane ɗan wasa da aka kayar yana da wanda zai ɗora wa laifi, kuma ku ne. Matasan Garwa, Marwa, Kusiri ko Njamena da ke haɗa ƙaramin wasa a kwamfuta ɗaya za su gamu da wannan tun makon farko. Ƙera wasa a Kamaru ba sabon abu ba ne, tunda Kiro'o Games na Olivier Madiba a Yawunde ya fitar da Aurion tun 2016, amma wasan da mutum ke karawa da mutum yana da nasa ciwon kai: ba a gama shi ranar da aka sake shi.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce wasanku na yaƙin da ne, mai mayaƙa uku. Mahayi yana da rai 120, saransa 30, farashinsa 60. Mai mashi yana da rai 100, sukansa 20, amma in doki ya soka ya zama 40, farashinsa 40. Maharbi yana da rai 60, kibiyarsa 15, farashinsa 45. Niyyarku ita ce mashi ya tare doki, doki ya tattake maharbi, maharbi ya kashe mai mashi tun daga nesa. Sai ga saƙonni suna shigowa: dokin nan ya yi yawa, ku cire shi.

Kada ku taɓa lamba ko ɗaya tukuna.

Abin da za ku riƙa ajiyewa daga kowace karawa

Ku sa saba, wato kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa ta intanet, ta rubuta layi ɗaya duk lokacin da aka gama karawa: lambar ɗan wasa (ba sunansa ko lambar wayarsa ba), makin gwanintarsa, mayaƙan da ya saya da yawansu, wanda ya ci, minti nawa aka yi, irin wayarsa, matsakaicin jinkirin rezo (hanyar sadarwar waya) da mafi muninsa, ko wasan ya yanke a tsakiya, da lambar teburin alƙaluman mayaƙa (rai, sara, farashi) da aka yi wasan da shi. Wannan na ƙarshe ana yawan mantawa da shi, sai bayan wata biyu a rasa gane wace karawa aka yi kafin gyara, wace aka yi bayansa.

Kafin lissafi ku zubar da iri biyu: karawar da ta yanke, da wadda ɓangarorin biyu suka fito da runduna iri ɗaya. Doki da doki dole doki ne zai ci, saboda haka irin wannan tana jan kowane lissafi zuwa kashi 50, ta ɓoye muku gaskiya.

Sannan ku san iyakar abin da ƙididdigarku ke iya faɗa. Hanya mai sauƙi: a karawa 100, sakamakon na iya kaucewa da kusan maki 10 sama ko ƙasa, a 400, maki 5, a 1,000, kusan 3, a 2,500, maki 2, sai an kai 10,000 ne ya sauko zuwa 1. Ma'ana, in doki ya ci 57 cikin karawa 100, ba ku san komai ba tukuna, don yana iya zama 47 ne na gaskiya. In ya ci 57 cikin ɗari a karawa 1,000, to akwai magana. Wasa mai 'yan wasa 150 zai iya ɗaukar mako biyu ko uku kafin ya tara haka, kuma sai an jira. Manyan kamfanoni irin su Riot, mai League of Legends, suna gyara kusan duk mako biyu ne domin karawarsu ba ta ƙirguwa. Ƙaramin wasa da ya kwaikwayi wannan saurin, iska kawai zai riƙa kamu.

Ku raba gwani da ɗan koyo

Jimlar kowa da kowa a tukunya ɗaya ba ta da amfani. Kuna bukatar maki da ke nuna gwanintar kowa, kuma tsarin da Arpad Elo ya tsara wa wasan ces, wanda hukumar ces ta duniya, FIDE, ta karɓa a 1970, ya wadatar. A tsarin, wanda ya fi abokin karawarsa da maki 100 ana sa ran ya samu kashi 64 cikin ɗari, da 200 kashi 76, da 400 kashi 91. Ku fara kowa da 1,000, ku ɗauki 32 a matsayin mafi yawan abin da karawa ɗaya ke motsawa. Sa'o'i biyu in suka kara, mai nasara ya samu 16, ɗayan ya rasa 16. Wanda ya fi da 200 in ya ci ya samu 8 kacal, in aka kayar da shi ya zubar da 24.

Akwai tarko a nan da ya kamata ku gane da kyau. In wasanku yana haɗa kowa da sa'ansa, mai amfani da mayaƙin da ya fi ƙarfi zai yi ta hawa har ya isa inda mutane suka fi shi iyawa, sai nasararsa ta dawo kusan rabi. Ku duba teburi ku ga doki na cin kashi 51, ku ce lafiya lau, alhali ya ɗauki 'yan koyo ya kai su sahun gwanaye. Don haka ku haɗa da wata tambaya: cikin mutum 20 na sama, nawa ne ke cika rundunarsu da doki? In 17 ne, lissafin nasara bai isa ya wanke shi ba.

Riot ta bayyana a 2019 cewa tana auna kowane gwarzo a rukuni huɗu na 'yan wasa, daga talakawan wasa har zuwa masu gasar duniya. Ku kuwa rukuni uku ya ishe ku: sababbi da ba su kai karawa 20 ba, matsakaita, da kashi goma na sama. Sau da yawa za ku tarar doki yana cin sababbi ne kawai, domin ba su san cewa mashi maganinsa ba ne. Wannan ba gyaran lamba yake so ba. Darasi yake so na minti ɗaya a farkon wasa, ko rubutu a fuskar waya bayan an sha kaye: ka gwada masu mashi a gaba.

Rezo ma mayaƙi ne

A wurinmu wannan shi ne rabin aikinmu. Ɗan wasa a tsakiyar Garwa da 4G na MTN ko Orange, da wani a ƙauyen bayan Mokolo da sanda ɗaya a waya, da na Abeshe a kan Airtel ko Moov, ba wasa ɗaya suke bugawa ba ko da lambobin iri ɗaya ne. Chadi ba ta da teku, wayoyin intanet ɗinta ta ƙasashen maƙwabta suke bi, Kamaru da Sudan a ciki, kuma in sabarku tana Faransa ko Jamus, saƙo ya je ya dawo yakan haura milisakan 100 (milisakan 1,000 ne daƙiƙa ɗaya). Wasa mai hoto 60 a daƙiƙa yana canza hoto duk milisakan 17, wato jinkirin 150 ya cinye hoto tara kafin umarninka ya yi aiki.

Ku dubi abin da wannan ke yi wa misalinmu. Mahayi umarni ɗaya yake so: je ka sari wancan. Maharbi kuwa sai an yi ta lallaɓa shi, ya harba, ya ja da baya, ya sake harbawa. Mai rezo mai kyau zai iya, mai jinkirin 250 kafin ya ce ja da baya doki ya riga ya iso. Saboda haka ku raba ƙididdiga gida uku: ƙasa da milisakan 100, daga 100 zuwa 200, da abin da ya haura. In maharbi yana cin 50 a gidan farko amma 41 a na ƙarshe, ba doki ne ya yi ƙarfi ba. Maganin shi ne ku rage wa maharbi bukatar saurin yatsa: ya riƙa ja da baya da kansa taki biyu in doki ya matso, ko ku faɗaɗa lokacin da ake da shi na ba da umarnin.

Haka zafi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da Marwa da Njamena ke haura digiri 40, ƙaramar waya takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone, hoto ya riƙa tsalle. In ƙorafi ya yawaita da rana tsaka ya lafa da dare, ku duba irin wayoyin kafin ku zargi mayaƙi. Lokaci ma yana canza masu wasa: a dogon hutun makaranta yara sababbi ke cika wasan, a azumi kuwa karawa takan koma bayan asham har sahur.

Yadda ake sauraron ƙorafi

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba lallai ya iya rufin ba. Ɗan wasa in ya ce wani abu yana ɓata masa rai, ku yarda da shi ɗari bisa ɗari. In ya faɗi yadda za a gyara, ku rubuta kawai ku ajiye.

Ku buɗe zaure biyu a WhatsApp, tunda nan mutanenmu suke: ɗaya na sanarwa wanda ku kaɗai ke rubutu, ɗaya na muhawara. Zaure ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024, ya fi ƙarfin bukatar sabon wasa. Saƙon murya zai fi rubutu yawa, wani da Hausa, wani da Fulatanci, wani da Larabcin Chadi, wani da Faransanci, wani ma ya gauraya uku a numfashi ɗaya. Ku ware mutum ɗaya da zai saurara kowane dare ya zuba su a teburi: wane mayaƙi, wane irin ƙorafi, makin mai maganar. Ku ƙirga mutane, kada ku ƙirga saƙonni. Mutum uku masu zafin baki za su iya turo saƙo 200 a yini, su sa ku ɗauka gari ya tashi.

Ga yadda amsa mai amfani take. Wani ya rubuto: "Malam, wallahi dokin nan zalunci ne, ku cire shi ko mu bar muku wasanku." Kada ku ce masa ya je ya koyi wasa, kada kuma ku ce za a duba. Ku ce: "Ɗan'uwa, ka yi haƙuri, mun ji. A minti na nawa dawakin suka iso maka? Me kake da shi a fili a lokacin? In ka ɗauki hoton karawar, turo mana." Gani ya kori ji. In amsar mutum goma ta zo iri ɗaya, cewa dawaki huɗu ne ke dira a minti na biyu kafin kowa ya samu kuɗin mashi, to kun gano cewa ba saran doki ne matsalar ba, saurin fitowarsa ne. Ƙara daƙiƙa 10 a lokacin horar da shi zai iya kashe maganar ba tare da an taɓa ƙarfinsa ba.

Wani lokaci ma ido da kunne ne ke ruɗar mutane. Mayaƙi mai ƙarar kofato da ƙura da girgiza fuskar waya yakan zama kamar ya fi yadda yake, kuma kisan da ya zo farat ɗaya ya fi ciwo a kan wanda mutum ya ga yana tahowa, ko da lissafinsu ɗaya.

Kuma ku tuna da waɗanda ba sa magana. Wanda ya ji haushi ya yi rubutu har yanzu naku ne. Wanda ya goge wasan shiru shi ne asara. Ku ciro jerin waɗanda suka kwana bakwai ba su dawo ba, ku duba abin da ya kayar da su a karawa uku na ƙarshe.

Taɓa lambar kanta

In duk an tace an ga doki ya fi ƙarfi a kowane rukuni da kowane irin rezo, sai a zo gyara. Ku fara zana teburin sara nawa ke kashe wane. Da mayaƙa uku gida tara ne, da goma gida 100, kuma kwamfuta za ta cika shi da kanta.

Dalili shi ne ƙarfi ba ya tafiya a hankali, tsalle yake yi. Mahayi yana kashe maharbi da sara biyu, 30 sau biyu 60. Ku mayar da saran 29, sai ya bukaci uku: maki ɗaya ya ƙara wa aikin rabi. Wannan 29 ɗin bai canza komai a kan mai mashi ba, sara huɗu ne da can, huɗu ne yanzu, kuma haka zai zauna har a sauko 25. Doki da doki kuwa ya tashi daga huɗu zuwa biyar. Yanzu ku gwada ɗaya hanyar da 'yan wasa za su fi so, wato a ƙara wa maharbi rai daga 60 zuwa 65. Doki zai bukaci sara uku, daidai. Amma mai mashi ma ya tashi daga suka uku zuwa huɗu, shi da dama maharbi ke wahalshe shi. Kun je gyaran gira kun taɓa ido. Haka in wani ya ce a ƙara wa doki rai maki ɗaya tak don a rarrashi masu shi: 121 na nufin mashi sai ya soka huɗu maimakon uku, duk tsarin wasan ya rushe.

Farashi ya fi kowace lamba haɗari, musamman ga masu harbi daga nesa. Injiniyan Ingila Frederick Lanchester ya nuna tun 1916 cewa in kowa na iya harbin kowa, ƙarfin runduna yana tafiya ne da yawanta a ninka da kansa. Maharba 10 in suka gamu da 5, ba biyar ke saura ba, kusan tara ne. Goma da tara ma, wajen huɗu ke tsira. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi da gaske. Rage farashin maharbi daga 45 zuwa 40 yana nufin mai kuɗi 360 ya sayi tara maimakon takwas, kuma wannan ɗayan ba ƙaramin abu ba ne.

Tun wasa yana hannunku kafin jama'a su gan shi, ku bi shawarar Sid Meier, mai wasan Civilization: ku ninka lamba ko ku raba ta biyu, don ku ga tasirinta a fili. Bayan an sake shi kuwa, abu ɗaya a kan mayaƙi ɗaya a kowane zagaye. In kuka rage doki kuka ƙara mashi a rana ɗaya, doki ya sha duka biyu, kuma ba za ku san wanne ya yi aikin ba.

Ku ajiye duk lambobin a teburi a kan saba, wasan ya ɗauko shi duk lokacin da aka buɗe. Kilobayit kaɗan ne. In kowane gyara sai an sauke sabon wasa na megabayit 200, mai sayen forfe (data) na sefa 500 zai jinkirta, jama'arku su rabu biyu. Saba ta tabbatar ɓangarorin biyu suna kan lambar teburi ɗaya kafin ta haɗa su, in ba haka ba a wayar ɗaya maharbi ya mutu, a ta ɗayan yana tsaye.

Gwaji da sanarwa

Kamfanin Garena yana da sabar gwaji ta wasan Free Fire da ake shiga da lambar izini, Supercell kuma takan fitar da daftarin gyaran Clash Royale ta ji ra'ayi kafin ta tabbatar. Ku yi naku daidai ƙarfinku: mutum 20 zuwa 30, kwana biyar. Kada ku cika su da zakaru. Ku sa sababbi, ku sa masu waya mai ƙwaƙwalwar gigabayit 2, ku sa na bayan gari, kuma lallai ku sa masu son dokin, don su ne za su fi saurin gano in kun kashe shi.

Sanarwa ta ƙunshi tsohuwar lamba, sabuwa, dalili, da ranar da za a sake dubawa. Misali: "Jama'a, salamu alaikum. Daga Talata saran mahayi zai koma 29 daga 30. A karawa 1,200 na wannan wata ya ci kashi 57, a wurin sababbi da gwanaye duka. Yanzu zai bukaci sara uku kafin ya kashe maharbi, amma faɗansa da mai mashi bai canza ba. Gudunsa da ransa suna nan. Bayan mako biyu za mu kawo muku sabon lissafi." Ku fitar da ita a rubuce da kuma murya, da harsunan da zauren ke ji. Ku saki gyara da safe a farkon mako, lokacin da kuke zaune gaban kwamfuta, kada ya zama daren Juma'a, kada kuma ana saura kwana uku gasa, bayan mutane sun gama atisaye a kan tsofaffin lambobi.

In akwai wanda ya sayi mayaƙin da kuɗinsa ta Orange Money, MoMo ko Airtel Money, rage masa ƙarfi kamar an canza masa kaya ne bayan ciniki. Kamfanin Blizzard yakan ba masu wasan katin Hearthstone damar mayar da katin da aka rage a cikakken farashinsa na cikin wasa na ɗan lokaci. Ku yi makamancin haka, mako biyu. Mafi sauƙi ma, ku sayar da ado kawai: sirdi, rawani, jalala, tuta. Babu mai faɗa don an rage saran doki in abin da ya biya kwalliya ce.

Batun ƙuri'a kuma, a yi hattara. Old School RuneScape na Jagex ya shahara da tambayar 'yan wasa kafin a ƙara sabon abu, da can sai an samu kashi 75, daga 2022 aka mayar 70, amma ko su ba sa kai gyaran da ya shafi lafiyar wasan gaban ƙuri'a. Dalili a fili yake: in kashi 60 na jama'arku doki suke hawa, ba za su zaɓi a rage shi ba. Ku yi ƙuri'a a kan wane fili za a ƙara, ko wane mayaƙi ke biye. Wasan EVE Online tun 2008 yana da majalisar 'yan wasa da ake zaɓa su zauna da kamfani. Ku ma za ku iya ɗaukar mutum biyar daga garuruwa dabam-dabam, kuna nuna musu daftari kafin kowa, kuna canza su duk wata uku don kada su zama fadawa.

Kwana uku na farko bayan gyara kada ku yarda da lissafi. Mutane za su guje wa doki don sun ji an taɓa shi, 'yan kaɗan da suka rage a kansa gwanayensa ne, sai nasararsa ta yi kamar ba ta sauka ba, ko kuma kowa ya ruga kan maharbi har da waɗanda ba su iya shi ba. Ku bari ƙura ta lafa. Ranar da kuka yi alkawari ku dawo zaure da lambobin, ko sun yi muku daɗi ko ba su yi ba. In doki ya sauko tsakanin 48 da 52, ku bar shi haka. In ya faɗo 44, ku ce mun wuce gona da iri, ku mayar da tsohon teburin, wanda ya kamata a ce kun adana da lambarsa da kwanan watansa, sannan ku gwada ta wajen lokacin horarwa.